Kafin a auna shi a kilo: Yadda ake tayar da tsohon baburin malaman gona

A gidaje da dama a Birnin Kebbi da Argungu akwai wani babur da ya daɗe da daina tafiya. Yana jingine a bayan rumbu ko a lungun zaure, tayoyinsa sun sace, kaji sun mayar da kujerarsa wurin kwana. Da kallo ɗaya za ku gane ba irin na 'yan kabu-kabu ba ne. Dogo ne, tayar gabansa ta fi ta baya faɗin da'ira, madigadin gaba ya ɗaga sama can nesa da taya, salansa kuma ta bi ta gefen kujera maimakon ta kwanta ƙasa. Idan kuka goge ƙurar tankin, wataƙila ku ga haruffa biyu: DT. Wani kuma XL, wani TS.

Ƙarshen irin wannan babur sananne ne. Wata rana mai jari-bola zai biyo ta ƙofar gida da kurarsa, a ɗora shi a ma'auni, a biya kuɗin ƙarfensa a kilo, shi ke nan. Mu kuwa muna ganin kafin a kai ga haka ya kamata ɗaliban gidan su roƙi a ba su shi, domin babu ɗakin gwaje-gwajen da zai koya muku Fiziks da Lissafi da Kimistiri a wuri ɗaya kamar wannan tarin tsatsar.

Daga ina ya zo?

A 1968 kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fitar da wani babur mai suna DT-1, mai injin cc 250, wanda aka ƙera shi don ya bi kwalta kuma ya bi jeji. Ya samu karɓuwa sosai a Amurka, sai ƙannensa suka biyo baya: DT100 da DT125 da DT175. Honda ta fito da nata jerin XL, Suzuki kuma da TS. Babban yayansu a suna shi ne Yamaha XT500. Da shi ne wani Bafaranshe, Cyril Neveu, ya lashe tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda aka fara ranar 26 ga Disamba 1978 aka kammala ranar 14 ga Janairu 1979. Hanyar tseren ta ratsa Agadas da Yamai, wato maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ga ƙurarsa da idonsu.

Amma ba tsere ne ya kawo waɗannan babura ƙasar Kabi ba, aiki ne. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara shirye-shiryen bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe, daga baya suka bazu zuwa sauran jihohi. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, hukumar KARDA ce ta ɗauki wannan aiki a nan. Malamin gona dole ya je gonar manomi, gonar kuwa tana fadama. Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta a wajen Ambursa ko Alwasa ko Gulma da damina ya san abin da ke jiransa: rairayi mai nutsar da taya, sannan laka mai kama ƙafa. Doguwar tayar gaba mai inci 21 tana hawa kan rami maimakon ta faɗa ciki. Madigadin da ya ɗaga yana hana laka cushewa ta tsayar da taya. Salansar da ta hau sama tana barin babur ya tsallake ruwa ba tare da ya sha ba. Shi ya sa ma'aikatan rigakafi da malaman dabbobi su ma suka riƙe shi.

Daga baya babura masu araha suka shigo daga Sin da Indiya, irin su Jincheng da Bajaj Boxer, masu ƙarancin shan mai, kuma kayan gyaransu na kowane lungu. Gaskiya ɗaya ce: DT ba zai iya gasa da su a aljihu ba, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023. Wanda ke neman babur ɗin neman kuɗin cefane, kada ya ɓata lokacinsa a nan. Ribar wannan aiki tana cikin abin da hannu da kai za su koya, kuma wannan ilimi yana da kasuwa. Ku dubi yawan injinan ban-ruwa da ke ruri a fadamar Rima da rani. Kowannensu yana da fulogi da kafireto da fistin, kowannensu kuma wata rana zai ƙi tashi a daidai lokacin da shinkafa ke neman ruwa.

Biro da littafi tukuna

Gaggawar kowa ita ce ya ɗauki sufana. Ku dakata. Abu na farko shi ne sanin mai babur. Idan na gida ne, a nemi izinin mahaifi ko magada, a binciko takardunsa. Idan saye za a yi, sai babba ya shiga gaba, a rubuta yarjejeniya, a sa shaidu, kuma ya fi kyau mai unguwa ya sani. Satar babura ta yi yawa, jami'an tsaro kuma suna sa ido a kan babura a wannan yanki saboda yadda ɓata-gari ke amfani da su. Babur ɗin da aka goge lambarsa ko aka sake buga ta, ko kyauta aka ba ku ku bar shi.

Lambobin biyu ne. Ɗaya tana wuyan firam, inda cokalin gaba ke juyawa, ɗayar tana jikin injin. Ku kwafe su a littafi, ku ɗauki hotonsu. Lamba mai haruffa da alƙaluma 17 ta zama ƙa'ida ne daga 1981, don haka idan kuka ga gajera, akwai alamar baburin ya girmi wannan shekara. Haruffan farko na lambar su ne ke nuna samfurin babur, kuma da su ne za ku nemo littafin kayan gyaransa a intanet. Wannan littafi yana nuna zanen kowane ɓangare a warwatse, kowane ƙusa da lambarsa. A tsarin Yamaha lambar kaya kashi-kashi take: ukun farko suna nuna samfurin da aka fara ƙera kayan dominsa, biyar na tsakiya suna nuna ko mene ne kayan. Amfanin sanin haka babba ne. Sau da yawa za ku tarar kaya ɗaya ya hau babura daban-daban, sai abin da kuka rasa da sunan DT ku same shi da sunan wani.

Idan an zo kwancewa, kowane mataki a ɗauki hoto kafin a taɓa. Notocin kowane ɓangare a zuba su a ledarsu, a rubuta suna a takarda a jefa ciki. Aikin da zai ɗauki hutun ƙarshen zango biyu ko uku, ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe inda kowace washa ta fito ba. Kuma kada a jefar da komai, ko da ya karye. Karyayyen kaya shi ne samfurin da za a kai kasuwa ko wurin maƙeri.

Inda lissafin aji ke fitowa fili

Me ake nufi da 125 ɗin da ke jikin DT125? Girman ramin da fistin ke kai da komowa a cikinsa ne. Faɗin ramin milimita 56 ne, nisan tafiyar fistin kuma milimita 50. Ku ɗauko dabarar auna cikin silinda da aka koya muku: rabin faɗi santimita 2.8, ku ninka shi da kansa ya ba ku 7.84, ku ninka da 3.142, sannan da tsawo santimita 5. Amsa ita ce 123, aka cike ta zuwa 125 don daɗin kira. Na DT175 faɗinsa milimita 66 ne da tsawo iri ɗaya. Ku gwada, za ku samu 171.

Wannan lissafi ba na ado ba ne. Shekaru suna cinye ramin silinda, ya buɗe, ƙarfin injin ya zube. Maganinsa shi ne a kai bulo wurin masu injin gogar ƙarfe su faɗaɗa ramin, abin da kanikawa ke kira borin, a sa fistin da ya ɗan fi na asali girma. Ana yin waɗannan fistin hawa-hawa: ƙarin milimita 0.25, sai 0.50, sai 0.75, sai 1.00, kuma galibi ana buga girman a saman fistin ɗin. Ku kankare baƙin da ya daskare a kan tsohon, ku karanta. Idan ba a rubuta komai ba, ko an rubuta STD, baburin bai taɓa zuwa borin ba, kun yi sa'a. Idan ya riga ya kai 1.00, sai dai a sa wa ramin sabuwar riga ta ƙarfe ko a nemi wani bulo.

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi: su kai bulo borin kafin su samu fistin. Tsarin shi ne a fara sayen fistin da ringinsa, a kai su tare da bulo, mai borin ya auna fistin ya yanka ramin daidai da shi. Tazarar da ake bari tsakaninsu kimanin milimita 0.04 ce, ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ma'aunin baniya da kuke riƙewa a darasin Fiziks zai taimaka wajen auna kusoshi da boris, amma wannan tazara sai ma'aunin da ya fi shi kaifi, wanda ke hannun mai borin.

Farautar kaya

Kayan tsohon babur ba duka ne ke da wuyar samu ba, kuma sanin wanne ne wanne yana rage yawo.

Boris, alal misali, ba na Yamaha ba ne ko Honda, na duniya ne. Lambarsa tana gefensa, kuma lambar tana magana. A boris mai lamba 6205, alƙaluma biyun ƙarshe, wato 05, idan aka ninka su da 5 suna ba da faɗin ramin ciki, milimita 25. Haka 6304 yake da milimita 20. Ƙananan huɗu ne kawai suka saɓa: 00 milimita 10 ne, 01 kuma 12, 02 kuma 15, 03 kuma 17. Don haka ba sai kun tambayi mai shago boris ɗin DT ba, ya girgiza kai. Ku faɗi lamba, zai miƙo muku daga kwalin kayan janareta ko injin niƙa. Robar da ke tare mai, wato oyil sil, ita ma girmanta uku a rubuce yake a jikinta: faɗin ciki, faɗin waje, da kauri. Sarƙa mai lamba 428 da ƙananan DT ke amfani da ita tana kan ƙananan babura da yawa na yau. Sai dai a tuna, sarƙa da sifaroket na gaba da na baya tare ake canza su, in ba haka ba tsohon zai cinye sabon cikin ɗan lokaci. Duk waɗannan za a same su a shagunan kayan babura na Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega.

Akwai kuma waɗanda hannun gida ke iya yi. Gasket ana yanka shi daga takardarsa, a ɗora murfin a zana, ban da na kan silinda da ke shan wuta. Kebul ɗin kuloci da na birki ana iya gyara na wani babur ya yi daidai. Kujera aikin mai ɗinkin kushin ne, marikin madigadi ko matakin ƙafa kuma aikin mai walda.

Masu wahalar su ne fistin da ringi, da sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, da kwayil, da murfin gefe, da salansar asali, da taya mai inci 21. Salansar injin irin na DT ba bututun fitar da hayaƙi ba ne kawai. Kumburin cikinta an lissafa shi ne don ya mayar da wani ɓangare na man da ya tsere cikin silinda a daidai lokaci. Idan aka yanke ta aka liƙa ta wani babur, injin zai tashi, amma ƙarfinsa ya tafi. Ko ta huje, a faci ta.

Ina za a nema? A fara da tsofaffin kanikawa na gari, waɗanda suka yi aiki a zamanin waɗannan babura. Da yawansu suna da buhu ko akwatin tarkace a ƙarƙashin benci, kuma sun san gidan da wani DT ya mutu. Babur na biyu da ya lalace, a saye shi don a ciri kayansa, sau da yawa ya fi sayen kaya ɗaya-ɗaya sauƙi. Su kansu 'yan jari-bola abokan tafiya ne: ku nuna musu hoto a waya, ku ce in irinsa ya faɗo hannunsu su kira babbanku kafin su sa guduma. Daga nan sai Sakkwato, sai Kano inda ake da dilolin kayan babura a Sabon Gari da masu tsofaffin ƙarafa a Ƙofar Ruwa, sai Panteka ta Kaduna inda ake ƙera abin da aka rasa. Uwar kasuwar kayan babura a ƙasar nan ita ce Nkwo ta garin Nnewi a Jihar Anambra, kuma yawancin masu shagunan da kuke gani suna da wanda ke aiko musu da kaya daga can. Mu mutanen Kabi muna da wata ƙofar kuma: ta Kamba ana fita Gaya a Nijar, a tsallake kogin Kwara zuwa Malanbil ta Jamhuriyar Benin, hanyar da kayan Kwatano suka saba bi a da. Babura irin DT125 sun daɗe suna aiki a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, don haka wanda ke da ɗan uwa ɗan kasuwa a wannan hanya ya ba shi lamba da hoto.

Jabu kuwa ya cika kasuwa, kwalinsa ma wani lokaci ya fi na gaske sheƙi. Kada kwali ya ruɗe ku. A fito da kaya a ajiye shi gefen tsohon, a auna, a duba ko ramukan sun yi daidai. A yi sharaɗi da mai shago cewa in bai hau ba za a dawo da shi. Wanda kuma ya ce a intanet a tura masa kuɗi tukuna, ku ce ya ɗauki hoton kayan tare da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Muna ba da shawarar wuri uku kada a yi rowa ko kaɗan: birki, taya, da robobin karanshaf. Fenti na iya jira har baɗi.

Mai, tsatsa da wuta

DT da TS injinsu mai bugu biyu ne, wato duk zagaye ɗaya na karanshaf sai wuta ta tashi sau ɗaya. XL mai bugu huɗu ne, kamar Boxer. Mai bugu biyu ba ya ajiye baƙin mai a ƙasan injin don shafe fistin, yana ƙona mansa ne tare da fetur, shi ya sa yake fitar da shuɗin hayaƙi. Yamaha ta sa masa ɗan famfo mai suna Autolube da ke ɗiga man daga wani ƙaramin tanki. A baburin da ya shekara goma a ajiye, kada a amince da wannan famfo sai bakanike ya gwada shi ya fitar masa da iska. Wasu sukan cire shi su riƙa haɗa man a tanki da hannu. Idan ma'aunin kashi 1 cikin 25 aka bi, kowace litar fetur tana buƙatar mililita 40 na man 2T. Mantuwa sau ɗaya ta isa injin ya kama, fistin ɗin da aka yi wata uku ana nema ya narke a jikin silinda.

Robobin karanshaf biyu da muka ambata su ne ɓoyayyen maƙiyi. Idan sun bushe, iska tana satar hanya ta shiga, cakudar mai ta tsinke, injin ya yi zafi fiye da kima. Kuɗinsu kaɗan ne, don haka a canza su ko da ido bai ga laifinsu ba.

Tsatsar cikin tanki darasin Kimistiri ce. A cika shi da ruwan khal, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, asid ɗin da ke ciki zai narkar da tsatsar. A zubar, a ɗauraye da ruwan da aka jiƙa bakin soda don ya kashe ragowar asid, a shanya shi sosai a rana, a zuba ɗan mai nan da nan kafin sabuwar tsatsa ta kama. Idan tankin ya huje, wannan ba aikin ɗalibi ba ne. Tankin da babu fetur a cikinsa amma akwai tururinsa ya fi cikakke haɗari a gaban wutar walda. Haka nan kada a hura ƙurar tsohon birki da baki, domin tsofaffin takalman birki da yawa an yi su da asbestos mai lahani ga huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ku lura kuma da wutar babur: tsofaffin da yawa bolt 6 suke amfani da shi, na yau kuwa 12, don haka ƙwan fitila da batirin Boxer ba za su yi masa ba.

Kada wani ya ce muku wannan wasan yaran da suka kasa karatu ne. Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu ake kira Waziri Umaru, ya karanta zanen gine-gine ya gama a 1988. Shi ne kuma shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa lokacin da ayarin motoci ya taso daga Abuja zuwa bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris 2020. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba, Sandra Aguebor ta kafa shirin horar da mata kanikanci tun 2004.

Ranar tayarwa

Injin yana neman abu uku kafin ya tashi: matsi, wuta da mai. Matsi za a ji shi a ƙafa, kik ya yi tauri. Wuta za a gan ta idan aka cire fulogi aka jingina shi da jikin injin aka buga kik, ya kamata ta fito shuɗiya mai ƙara. Mai kuma sai an wanke kafireto, an buɗe ƙananan ramukan jet da iska, ba da allura ba, don allura tana faɗaɗa su. A tabbatar soson iyakilina sabo ne kuma an shafa masa mai, saboda ƙurar hunturu idan ta shiga silinda aikin yashi take yi.

Hawa titi kuwa sai mai lasisi, lasisi kuma sai an cika shekara 18, da hular kwano a kai, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sawa tun 1 ga Janairu 2009. Wanda bai kai ba ya miƙa wa yayansa ko bakaniken da ya koya masa. Sabon borin ba ya son gudu. Tankin farko da na biyu a bi shi a hankali, gajerun tafiye-tafiye, ana barinsa ya huce, ba a kama hanyar Argungu daga Birnin Kebbi a rana ɗaya don nuna wa abokai ba. Bayan kowace tafiya a cire fulogi a duba bakinsa. Idan ya yi ruwan ƙasa kamar shayi da madara, cakudar ta yi daidai. Idan ya yi baƙi ya jiƙe, mai ya yi yawa ko iyakilina ta toshe. Idan ya fito fari fat, kada a sake tayar da injin sai an koma kan kafireto da robobin karanshaf an gano ta inda iska ke shiga.